Rabin Batir

Babana ya shekara arba'in yana gyaran rediyo, kuma a duk shekarun nan akwai doka ɗaya da ban taɓa ganin ya karya ba. In ya haɗa amfilifaya, wato sashen da ke ɗaga ƙaramar murya ta zama babba, sai ya ɗora mita a kan ƙafar fita ta tiransisto, ya yi ta gyare-gyare har allurar ta tsaya cak a kan rabin ƙarfin batir. In batir mai bolt tara ne, huɗu da rabi. In mai sha biyu ne, shida. Da ta tsaya sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya rubuta lambar a cikin murfin akwatin, sannan ya ɗaure sukuru. Duk rediyon da ya taɓa bi ta hannunsa a layinmu, ka buɗe bayansa za ka tarar da rubutun nan.

"Murya hawa take yi tana sauka," haka yake ce mini tun ina tsayawa a kan benci kafin in hango saman teburinsa. "Ki zaunar da ita a tsakiya, ta sami wurin hawa, ta sami wurin sauka. Shi ke nan aikin, sauran duk surutu ne."

Ni ce autarsa, kuma cikin mu biyar ni kaɗai na ɗauki ƙarfen dalma. Na yi karatun abin har na sami aiki a wani kamfani da ke gyaran na'urorin asibiti. In Baba yana jin daɗina, Auta yake ce mini. In yana son ya tsokane ni, sai ya ce Injiniya, yana jan ƙarshen kalmar. Hannu na gado a wurinsa. Zuciya kuwa ta Umma ce na kwaso, ban rage mata komai ba.

Umma malamar lissafi ce, shekararta talatin da ɗaya a makarantar 'yan mata guda. A da in ta daka tsawa a aji, mai gadin bakin ƙofa ma gyara zama yake yi. Bara aka gano ƙari a maƙogwaronta, aka yi mata aiki. An cire shi lafiya, mun gode wa Allah, amma muryar da ta dawo ba wadda ta tafi ba ce. Siririya ce, mai iska-iska, sai ka matso ka karkata kunne. Likita ya ce za ta ƙaru kaɗan-kaɗan, amma kada mu sa ran ta koma yadda take.

Shugabar makarantar ta yi haƙuri da ita zango biyu, ban raina mata ba. Sai dai ɗalibai sittin da biyu ne a ajin, iyayen na baya kuma sun fara kawo ƙara. Wata ranar Litinin ta kira Umma ofis ta gaya mata gaskiya. Litinin mai zuwa sufeto zai zo ya zauna a bencin ƙarshe. In ya ji darasi, Umma ta ci gaba da ajinta. In bai ji ba, za a ba ta makullin ɗakin ajiye littattafai, ta zauna can har ranar ritaya.

"Ni ɓera ce da za a rufe ni da littattafai?" Umma ta ce da ta dawo gida. Cikin raɗa ta faɗa, amma duk wanda ya san ta ya san tsawa ce.

Dama yayana ya taɓa sayo mata irin 'yan lasifikar nan na rataye har guda biyu. Ɗaya fito take yi duk sanda Umma ta juya wajen allo, ɗayar kuma ta mutu a rana ta uku. Baba ya buɗe ta biyun, ya leƙa cikinta, ya yi tsaki.

"Ina raye matata za ta rataya wannan tarkacen?"

Kwana biyu ya rufe shago ga kowa ya haɗa nasa. Akwatin katako ne ɗan madaidaici, da lasifika a gaba, da batir mai bolt sha biyu a ciki, da makirufo ɗan ƙarami da za ta maƙala a wuyan riga. Har maɗauri ya sa tela maƙwabcinsa ya ɗinka masa. Abu ɗaya ne bai samu yadda yake so ba. Mai sayar da kayan gyara ya ce masa tsofaffin tiransistocin da ya saba da su sun ƙare, sai jabu, ya miƙo masa wani na zamani da ake kira mosfet. Baba ya tambayi wace ƙafa ce wace, ya koma ya haɗa, ya tsayar da allura a kan shida, ya rubuta shida a cikin murfi.

Ranar Alhamis Umma ta tafi da shi aji don gwaji. Da azahar ta dawo, ta ajiye akwatin a kan tebur a hankali, ta shige ɗaki. Sai daga baya muka ji labari. Muddin tana magana a hankali, komai lafiya lau, har na baya suna ji. Da wata ta yi surutu, Umma ta ɗan ɗaga murya, sai akwatin ya yi wani irin karkarwa, sai ka ce ana yaga kwali. Ajin ya kwashe da dariya. Ta sake gwadawa, ya sake yi. A shekara talatin da ɗaya ba a taɓa yi wa Umma dariya a aji ba, kuma ni kaina da na ji sai da idona ya ciko.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauko sikof daga wurin aiki na nufi shagon Baba. Sikof na'ura ce mai ɗan gilashi a gaba, tana zana maka sauti yadda yake hawa da sauka, ka gan shi da ido. Na tarar da Baba ya yi kaca-kaca da tebur. Ya canza lasifika, ya canza makirufo, ya canza batir har sau biyu. Tela yana zaune a bakin ƙofa yana taya shi jimami, mai walda na ƙarshen layi ma ya shigo yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

"Ga Injiniya da talabijin ɗinta," in ji Baba. Yana murmushi, amma idanunsa sun faɗa.

Na jona waya a ƙafar fita, na ce masa ya yi magana. Ya kawo bakinsa kusa da makirufo ya ce, "Ɗaya, biyu, uku," a hankali ƙwarai, kusan cikin raɗa. Koren layi ya yi ta hawa da sauka a kan gilashin, sumul, babu aibu.

"Kin gani? Lafiyarsa ƙalau," ya ce.

Na karɓi makirufon na ce "Kai!" da ƙarfi. Lasifikar ta yi karkarwar nan, tela ya zabura. Na ja wasalin na riƙe don layin ya tsaya mu gani. Samansa ya hau ya lanƙwaso da kyau. Ƙasansa kuwa a daddatse yake, shafe, kamar an bi da wuƙa an yanke gindin kowane tudu. Ban ma gama kallo ba na gane abin da ke faruwa, kuma daɗin ganewar ya hau mini kai.

Ga abin da yake. Mosfet ƙafa uku gare shi, ta shiga, ta fita, da ta ƙasa. Murya tana shiga ƙarama, ta fito babba, tana lilo sama da ƙasa a kusa da inda ka zaunar da ƙafar fita. Sama tana da iyaka, ba za ta wuce ƙarfin batir ba, nan wuta ke ɗaukewa. Ƙasa ma tana da iyaka, kuma nan ne Baba ya yi tuntuɓe, domin iyakar ƙasa ba sifili ba ce. Ya sa wani razisto babba, ɗan abin da ke rage gudun wuta, a ƙafar ƙasa don kada zafi ya riƙa sauya masa saiti, wannan ya ci bolt uku. Shi kansa mosfet ɗin yana bukatar kusan bolt ɗaya a tsakanin ƙafafunsa biyu kafin ya yi aikin ɗaga murya yadda ya kamata, in ka matse shi ƙasa da haka sai ya zama waya kawai. Uku da ɗaya, huɗu ke nan. Ɗaki ne mai rufi a kan sha biyu, amma an ɗaga daɓensa zuwa huɗu. Wanda aka zaunar a kan shida yana da taku shida zuwa sama, biyu kacal zuwa ƙasa. Ƙaramar murya ba ta isa daɓen. Babba kuwa kullum sai ta buga shi.

Da haka na faɗa masa, a hankali, mu biyu, da babu labari. Amma bakina ya riga hankalina.

"Baba, ai ba lasifika ba ce, ba batir ba ne. Shidar nan taka ce matsalar. Wannan rabin batir ɗin lissafin zamanin da ne. Takwas ya kamata ya zauna. A rage raziston sama, na ƙafar fita, ƙarfi ya ɗan ragu, shi ke nan. Kwana biyu kana ta wahala a kan abin da ɗan aji ɗaya zai gani."

Mai walda ya yi 'yar dariya, ya mayar da ita tari. Tela ya sunkuyar da kai yana duba farcensa.

Baba bai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa. Ya dube ni, ya dubi gilashin.

"A rage ƙarfi," ya ce. "Matar da ba a jin ta, ita za a rage wa ƙarfi."

"Kaɗan ne fa, Baba."

"To, Injiniya. Mun ji."

Ya zare ƙarfen dalma daga wuta, ya rataye shi a ƙusarsa, ya ɗauki hularsa ya fita. Ya bar ni tsaye da makirufo a hannu, da gaskiyata, da baƙi biyu da suka rasa inda za su sa idonsu.

Na iso gida ina huci, na zayyana wa Umma komai don ta ba ni gaskiya. Tana zaune tana duba takardun ɗalibai da jan biro. Ta bari na gama tsaf, sannan ta yafito ni da hannu. Na matso. Ta sake yafitowa, har sai da kunnena ya kusa taɓa bakinta.

"A gaban tela?" ta ce.

Na sunkuyar da kai.

"Lissafinki daidai ne, na ji shi, ni ma malamar lissafi ce. Amma ke kin ci jarrabawa kin faɗi a tarbiyya. Kin san yadda ya gwada akwatin nan? Kwana biyu yana zaune yana kwaikwayon muryata. Raɗa yake yi masa. Na leƙa na gan shi. Bai taɓa yi masa ihu ko sau ɗaya ba."

"To ai shi ya sa bai gano ba."

"Bai yi masa ihu ba don bai zaci zan sake ɗaga murya a duniya ba." Ta tsaya ta kurɓi ruwa, don doguwar magana tana ƙona mata maƙogwaro. "Tun ranar da aka fito da ni daga ɗakin tiyata yake tsorace. In na yi tari, sai ya miƙe tsaye. Shi gani yake duk ɗigon ƙarfin da aka rage a akwatin nan, daga jikina aka cire. Ke kuma kin je kina gaya masa ɗan aji ɗaya."

Kunya ta rufe ni. Na tuna yadda ya ce ɗaya, biyu, uku ɗin nan, bakinsa dab da makirufo, a hankali kamar mai lallashin jariri. A lokacin haushi ya ba ni. Yanzu kuwa tausayinsa ya kama ni.

"Jibi ne fa, Umma," na ce. "In ya ƙi, in ɗauko akwatin in gyara da kaina. Minti biyar ne."

"Ba zan rataya abin da aka gyara a bayan idonsa ba. Gara makullin ɗakin littattafan."

Na san ta. In ta faɗi haka, ko sufeto goma za a kawo, ba za ta canza ba.

Ranar Lahadi da safe na koma shago. Ba ya buɗewa ranar Lahadi, amma na tarar da ƙofa a buɗe, shi kaɗai, yana zaune gaban akwatin ya zuba masa ido. Sikof ɗina yana nan inda na bar shi, har ya lulluɓe shi da tsumma don kada ya yi datti. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa ba tare da ya juyo ba.

"Baba, na yi rashin kunya jiya. Ka yafe mini."

"Tashi, ƙasan akwai guntayen waya."

Na tashi na ja kujera. Na yi wa kaina alkawari tun a hanya cewa yau ba zan yi bayani ba, ko da bayanin zai fashe mini ciki. Na kunna sikof, na ɗauki mitarsa, tsohuwa mai allura wadda ya fi yarda da ita fiye da 'ya'yansa, na miƙa masa.

"Ni dai ka auna mini ƙafar ƙasa. Mitata ban yarda da ita ba."

Ya harare ni, don ya san ƙarya nake yi. Amma ya karɓa. Ya ɗora tsinken, allura ta tashi ta tsaya.

"Uku," ya ce.

"To bari in yi ihun jiya, kai kuma ka duba mini a kan wane layi gindin yake yankewa. Kowane layi bolt biyu ne, daga ƙasa."

Na ja wasali da ƙarfi, lasifika ta yi ta karkarwa. Baba ya gyara tabarau, ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya dusashe gilashin. Ya sa farce yana ƙirga layukan.

"Huɗu," ya ce. "Ko da ɗan ɗoriya."

Na daina ihun. Shagon ya yi tsit. Ya daɗe yana kallon gilashin da babu komai a kansa sai miƙaƙƙen layi.

"Ba ya sauka ƙasa da huɗu?"

"Ba ya sauka."

"Ko an yi masa dole?"

"In an yi masa dole, abin da muka ji ne."

Ya buɗe tafin hannunsa na hagu, ya fara lanƙwasa yatsu, leɓensa yana motsi. Huɗu zuwa sha biyu. Na ga sanda ya iso wurin, don girarsa ta ɗaga.

"Tiransistocin dā ba su cin wuri haka," ya ce, kamar da kansa yake magana. "Ɗan abin da suke ci a ƙasa ba ya kai a lissafa shi. Kuma ban saba sa musu babban razisto irin wannan ba, don dai nata ne na ce bari in ƙara masa tsaro." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ashe tsakiyar wurin da ya rage ake nema, ba tsakiyar batir ba. Shekara arba'in ina faɗin abu daidai, ina auna shi a karkace."

"A naka rediyoyin daidai yake fitowa, Baba. Kusan ɗaya ne."

"Kada ki lallashe ni, ban tsufa haka ba." Sannan ya tambayi abin da ke cin sa tun jiya. "Ƙarfin da zai ragu fa? Nawa ne?"

"Kashi ɗaya cikin uku a wannan matakin. Amma akwai maɓallin ƙara a gaba, ko rabinsa ba ka murɗa ba. Za a mayar da shi a can."

"Ba za ta ɓace ba?"

"Ba za ta ɓace ba. Na rantse maka."

Ya jawo akwatin razistocinsa, tsohon gwangwanin alewa mai ɗakuna da ya yi da kwali. Na ce a cire na saman nan mai dubu uku a sa mai dubu biyu, shi zai ba da takwas cif. Ya tsinto shi, ya juya shi a hannu, sai ya mayar.

"A'a."

Zuciyata ta yunƙuro, na danne ta da ƙyar. "Me ya faru kuma?"

"Ke a kan tebur kike lissafi, da wutar bango. Wannan batir ne. Da safe sha biyu ne, amma uwarki darasi huɗu take yi a jere. Kafin na huɗun ya sauko sha ɗaya. Rufin naki ya sauko ke nan. In kin zaunar da ita a takwas, da rana kanta ne zai buga sama." Ya tsinto wani mai zobe uku, ja, ja, ja. "Dubu biyu da ɗari biyu. A ɗan sassauto da ita. Da safe ta yi ƙasa kaɗan, da rana ta zo tsakiya."

Na ɗauki fensir na buga lissafin a bayan wata takarda, ina fatan in kama shi. Ban kama shi ba. Da cikakken batir zai zauna a bakwai da ɗigo shida. Da batir ya sauko sha ɗaya, wurin sama da na ƙasa sun kusa zama ɗaya. Ni da takardar shaidata ban tuna da batir yana gajiya ba.

"Haka ne," na ce.

"Na sani," ya ce. Karon farko tun jiya gefen bakinsa ya motsa.

Shi ya yi likin. Hannunsa yana ɗan rawa in ya ɗauki kofi, amma in ya riƙe ƙarfen dalma ko gezau. Ya ɗora mita, allura ta wuce shida, ta wuce bakwai, ta tsaya. Na yi ihu har tela ya leƙo daga gidansa da buroshi a baki. Layin ya hau ya sauka, sama a lanƙwashe, ƙasa a lanƙwashe, lasifika ta fitar da muryata tas da duk muninta. Baba ya juya murfin akwatin, ya ja layi ɗaya a kan shidan, bai goge ta ba, ya rubuta sabuwar lambar a gefenta.

Mun so Umma ta gwada da ƙarfi a gida, ta ƙi. Ta ce likita ya hana ta ɓarnar murya, kuma ita ba ta iya tsawar ƙarya ba, sai an ɓata mata rai. Ta yi magana a hankali, aka ji ta har zaure. Sauran kuma muka bar wa Litinin, hankalin kowa a tashe.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki. Baba ya ce zai raka mu ne kawai don ya riƙe batir na biyu, ko za a bukata. Mai gadi ya bar mu muka zagaya bayan ajin, muka tsaya jikin bango a ƙarƙashin tagar ƙarshe. Daga nan muna jin komai. Sufeto ya shigo, ɗalibai suka gaishe shi, muka ji ƙarar benci sanda ya zauna, kusan a saitin kanmu.

Umma ta fara. Muryarta ta iso mu a sarari, siririya amma cikakkiya, tana bayanin yadda ake raba kwana gida biyu. Minti goma, minti ashirin. Ba ta ɗaga ba ko sau ɗaya. Na san ta, tsoron akwatin take yi, tana tafiya da muryar a hankali kada ta taka inda ya yage ranar Alhamis. Darasin yana tafiya, amma babu gishirinsa. Na fara jin ƙus-ƙus daga bencin baya, irin wanda a da ba ya kai daƙiƙa biyu.

Baba ya kasa haƙuri. Na ja rigarsa, ya fizge. Ya taka wani bulo ya ɗaga kansa a hankali yana leƙen taga, wai yana son ya ga ko ta maƙala makirufon daidai. Rana tana bayansa, daga ciki ba abin da ake gani sai hula da kunnuwa biyu. 'Yan bencin baya suka juya gaba ɗaya suna kallonsa, wata ta fara ƙyalƙyala.

"Kai mai leƙen taga! Ko ka shigo ka zauna, ko ka ba mu wuri!"

Tsawar ta fito ɗungurungum, ba karkarwa, ba yagewa, har ta dawo daga bangon ajin da ke fuskantarmu. Ita ce, ta da, wadda ta tashe mu makaranta shekara da shekaru. Baba ya zame daga kan bulon, hularsa ta faɗa cikin aji. Ajin ya yi tsit, ko tari babu.

Sai na ji takun Umma ta nufo baya. Ta tsinci hular, ta juya ta, ta gane ta. Ta leƙo ta taga ta gan mu, ni a tsugune, shi a zaune a ƙasa da batir a cinya.

"Baban Auta?" ta ce, ta manta makirufo yana wuyanta. Dariya ta ƙwace mata, akwatin ya ɗauke ta ya watsa wa aji duka, ita ma tas. Ɗalibai suka bi ta. Har wata murya ta namiji na ji a ciki, kuma namiji ɗaya ne a ɗakin.

"A ci gaba," Umma ta ce, ta buga allo. Suka yi shiru nan take.

Da aka kaɗa ƙararrawa, Shugaba ta zagayo inda muke da hular Baba a hannu. Ta ce sufeto ya rubuta cewa ana jin darasi a bencin ƙarshe, har da bayan bango. Makullin ɗakin littattafai kuma zai ci gaba da zama a aljihun teburinta. Ta roƙi Baba da girman Allah kada ya sake zuwa ranar da ake da baƙo.

Na juya in taya shi murna, na ga bai tashi ba. Yana nan zaune jikin bango, ya rungume batir, hawaye yana bin gemunsa, yana kuma dariya. Na durƙusa na ce ko ya ji ciwo ne da ya faɗo.

Ya girgiza kai.

"Auta," ya ce, "wata goma sha huɗu ke nan ba ta yi mini tsawa ba."